Cokalin Sukarin da Ke Shiga Kokon Jariri

Da sassafe a gidaje da yawa, a Kano ne ko Zariya ko Maraɗi, akwai ɗan aikin da ake yi ba tare da an tsaya tunani a kansa ba. Uwa ta dama koko, ta zuba wa goyonta ɗan wata bakwai a ƙaramin kofi, ta ɗanɗana, ta ji tsami, sai ta miƙa hannu ga gwangwanin sukari. Ta zuba cokali ɗaya, ta juya, ta sake ɗanɗanawa, ta ƙara rabi. Yaron da ɗazu yake kawar da kai yana tofarwa, yanzu ya wangale baki yana bin cokali da ido. Kaka daga bakin ƙofa ta ce, "Kin gani ko? Da ma zaƙi yake so."

Kaka ba ta yi ƙarya ba. Da son zaƙi ake haihuwar ɗan Adam. A shekarun 1970 wani mai bincike, Jacob Steiner, ya riƙa ɗiga ruwa mai ɗanɗano iri-iri a harshen jarirai sabbin haihuwa, waɗanda ko nono ba su kai ga kamawa ba. In ruwan mai ɗaci ne su ɓata fuska, in mai tsami ne su tsuke baki, in mai zaƙi ne fuska ta saki su fara tsotso. Sai dai son abu daban, buƙatarsa daban. Kafin a san ko wannan cokali da rabi alheri ne ga yaron ko akasin haka, dole a fara sanin cewa abin da ake kira sukari dangi ne guda, kuma kowane ɗan dangin da hanyar da yake bi idan ya wuce maƙogwaro.

Uku ne tushen dangin: gulukos, furuktos da galaktos. Sauran duk haɗi ne. Farin sukarin shayi da ake tacewa daga rake, wanda masana ke kira sukuros, gulukos ne da furuktos a manne. Sukarin da ke cikin nono, wato laktos, gulukos ne da galaktos. Wanda ke fitowa idan hatsi ya tsira, maltos, gulukos biyu ne riƙe da juna. Tuwo da shinkafa da rogo da burodi kuwa, ko da yake ba su da zaƙi a baki, gulukos ne aka jera da yawa kamar 'ya'yan carbi, aikin ciki shi ne ya tsinke zaren su warwatse ɗaya bayan ɗaya.

Gulukos shi ne man da jiki ke tafiya da shi. Yana fita daga hanji ya shiga jini, sai wata halitta da ke bayan tumbi, fankiriyas, ta saki sinadarin insulin, wanda ke buɗe wa gulukos ƙofa ya shiga tsoka da sauran sassan jiki. Abin da ya yi saura hanta da tsoka su adana shi kamar hatsi a rumbu, don lokacin barci ko azumi. Jiki yana tsare ma'aunin nan da tsananin kula. Duk jinin da ke jikin babban mutum mai lafiya, gulukos ɗin da ke yawo a cikinsa a lokaci guda bai wuce cikin ƙaramin cokali ɗaya ba, giram 4 zuwa 5. Kwalbar lemo ta santilita 35 kuwa tana ɗauke da kusan cokali tara na sukari, kuma a 'yan mintuna ake shanye ta.

Furuktos ya fi duka zaƙi, kuma labarinsa daban ne. Bai cika tayar da insulin ba, yawancin sassan jiki ma ba sa ƙona shi kai tsaye. Idan kaɗan ne, hanji kan sarrafa shi tun kafin ya yi nisa. Idan ya kwararo da yawa a lokaci guda, hanta ce ke ɗaukar kayan, kuma ba ta da birkin da take takawa kamar yadda take yi wa gulukos. Wani ta mayar da shi gulukos, wani ta adana, wani kuma ta mayar da shi kitse. A 2009 Kimber Stanhope da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya da ke garin Davis sun buga sakamakon wani gwaji da suka yi da manyan mutane masu ƙiba. Mako goma wani rukuni yana shan abin sha mai gulukos, wani mai furuktos, daidai wa daida. Nauyin da suka ƙara kusan ɗaya ne, amma masu furuktos ne kitse ya fi taruwa a kewayen kayan cikinsu, hantarsu ta fi ƙera kitse, jikinsu kuma ya rage jin maganar insulin. Wannan rashin jin maganar shi ne matakin farko a hanyar ciwon sukari.

Kada wannan ya sa wani ya tsorata da mangwaro ko gwanda ko goba. Furuktos ɗin da ke cikin ɗan itace a ɗaure yake cikin ruwa da zare-zare, sai an tauna, kuma a hankali yake isa hanji. Mai shan rake a bakin kasuwa sai ya ɓare, ya tauna, ya tofar da tuƙa, muƙamuƙinsa ya gaji tun bai sha abin kirki ba. Mai kwalba ba ya shan wannan wahalar, ita kuwa wahalar kariya ce. Haka nan mazarƙwaila, wadda mutane da yawa ke ɗauka maganin farin sukari ce: ruwan rake ne aka dafa ya daskare, mafi yawanta sukuros ne, ɗan abin da ta fi farin sukari da shi na ma'adinai bai taka kara ya karya ba. Zuma ma yawancinta furuktos ne da gulukos.

To ina jariri a cikin wannan lissafi?

Shi an riga an tanadar masa nasa sukarin. A kowane mililita 100 na nonon uwa akwai laktos kusan giram 7, alhali madarar saniya ba ta kai giram 5 ba. Wajen kashi 40 cikin 100 na ƙarfin da jariri ke samu daga nono daga laktos yake fitowa, kuma yana buƙatarsa ƙwarai, domin ƙwaƙwalwar sabon haihuwa ita kaɗai tana cinye fiye da rabin ƙarfin da jikinsa ke ƙonawa yana kwance. Amma duk yawan nan, zaƙin laktos bai kai ko rabin na sukarin shayi ba. Shi ya sa nono ke da ɗan garɗi kawai, ba ya gigita harshe. Narkewarsa ma sannu a hankali take, sai wani sinadari mai suna laktes da ke jikin ƙaramin hanji ya raba shi biyu, kuma yana taimaka wa hanji ya tsotsi kalsiyam na gina ƙashi.

Yawancin mutanen duniya, kusan biyu cikin uku, laktes ɗinsu raguwa yake yi bayan yaye. Shi ya sa wani babba in ya sha ɗanyar madara cikinsa ke kumburi yana ƙugi. Binciken da Norman Kretchmer ya jagoranta a Najeriya a farkon shekarun 1970 ya nuna cewa galibin Fulani makiyaya suna riƙe da wannan sinadari har girma, saɓanin galibin Yarabawa da Ibo. Kindirmo da nono mai tsami kuwa sun fi sauƙi ga kowa, saboda ƙwayoyin da suka tsamar da su sun riga sun cinye wani ɓangare na laktos ɗin. Wannan zancen manya ne. Jariri mai lafiya da laktes ɗinsa ake haifarsa, kuma ko zawo ya rage shi na ɗan lokaci, shawarar likitoci ita ce a ci gaba da ba shi nono.

Abin da ya fi ban mamaki a nonon uwa shi ne wani rukunin sukari da jaririn kansa ba ya iya narkarwa. Gajerun sarƙoƙi ne, an gano iri sama da 150, kuma bayan laktos da kitse su ne suka fi yawa a cikin nono. Me zai sa jikin uwa ya ɓata ƙarfinsa wajen haɗa abin da ɗanta ba zai ci ba? Amsar ta faro ne tun 1899, lokacin da Henry Tissier, wani likita a Faris, ya ware wata ƙwayar halitta daga kashin jarirai masu shan nono, wadda yau ake kira bifidobakteriya. Daga baya aka gane cewa waɗannan sarƙoƙin abincinta ne. Suna wucewa har babban hanji, ita ta ci ta hayayyafa, ta cika wurin, ta sa shi ɗan tsami yadda ƙwayoyin cuta ba sa jin daɗin zama. Wasu sarƙoƙin ma kama suke da bangon hanji, sai ƙwayar cuta ta manne musu bisa kuskure, a fitar da ita a bayan gida. Duk uwar da ta yi goyo ta ga alamar wannan da idonta: kashin mai shan nono zalla ruwan ɗorawa ne, mai laushi, ba shi da wari mai tsanani, kuma ranar da aka fara ba shi wani abinci ranar komai ke canzawa.

Waɗannan sarƙoƙi sun fi yawa a cikin dakashi, wato nonon farko mai kauri da har yau ake matsewa a zubar a wasu gidaje da sunan ba shi da kyau. A madadinsa sai a ba jariri ruwan gulukos, ko ruwan sukari, ko a lasa masa zuma, kafin "nono ya zo". Cikin sabon haihuwa ɗan mitsitsi ne, 'yan cokula ke cika shi. Idan ruwan zaƙi ya cika shi, ba zai kama mama da ƙarfi ba, in bai tsotsa ba kuma nonon ba zai sauko da wuri ba, sai a ce maijego ba ta da nono. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jarirai 'yan ƙasa da wata shida ke shan nono zalla. Zafin Arewa shi ne hujjar da aka fi bayarwa ta ba da ruwa, alhali kusan kashi 87 cikin 100 na nonon kansa ruwa ne.

Zuma tana da nata haɗarin na musamman, wanda ba shi da alaƙa da zaƙinta. Takan ɗauko ƙwayayen wata ƙwayar cuta da ke cikin ƙasa da ƙura. A cikin babba ko yaron da ya haura shekara ba sa yin komai, domin hanjinsa ya riga ya cika da ƙwayoyi masu tsaro. A hanjin jariri kuwa suna iya tsira su fitar da dafi mai kashe jijiyoyi. A 1976 aka fara bayyana wannan ciwo na jarirai a Kalifoniya ta Amurka, ana kiransa botulizim. Yakan fara da rashin bayan gida, sai kuka ya yi rauni, tsotso ya gagara, fatar ido ta sauko, wuya ya kasa riƙe kai, jiki ya saki kamar tsumma, wani lokaci har numfashi ya tsaya. Ba kasafai yake faruwa ba, amma irin alamun nan ne a ƙauye za a ɗora wa iska ko baki, a yi ta turare har lokaci ya ƙure. Tafasa zuma ba ya kashe ƙwayayen, kuma tsantsarta ba ta fi gauraye aminci ba. Saboda haka likitoci suka yi ittifaƙi: babu zuma kafin shekara ɗaya.

A nan mai karatu Musulmi zai tuna da tahniki, kuma ya dace a yi maganarsa da adalci. Abin da ya zo a ingantattun hadisai dabino ne, ɗan kaɗan, a tausasa a goga a dasashin jariri, kamar yadda Annabi (SAW) ya yi wa Abdullahi ɗan Zubairu. Wannan ya yi nisa da cokalin zuma safe da yamma har a yi suna. Akwai ma wani abu a likitanci mai kama da shi a siffa. A 2013 mujallar Lancet ta buga wani gwaji da aka yi a asibitin Waikato na ƙasar Niyu Zilan, inda aka riƙa goga gulukos mai kauri a cikin kumatun jariran da sukarin jininsu ya faɗi, aka ga ya rage yawan waɗanda ake raba su da iyayensu mata a kai su sashen kulawa. Amma wannan magani ne, bayan an auna jini, ga jarirai masu haɗari irin bakwaini da 'ya'yan mata masu ciwon sukari.

Akwai kuma 'yan tsirarun jarirai da ke zuwa da matsalar gado. Wani jikinsa ba ya iya sarrafa galaktos, sai ciwon shawara da amai su kama shi a kwanakin farko na shan nono. Wani furuktos ne ba ya iyawa, lafiyarsa ƙalau yana kan nono, ranar da aka fara ba shi sukari ko 'ya'yan itace ya hau amai da gumi yana laƙwas. Duka biyun na asibiti ne, da gaggawa.

Daga wata shida, lokacin da nono kaɗai ya daina isa, nan ne sukarin waje ke samun babbar ƙofa. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa, har da na zuma da ruwan 'ya'yan itace, kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci a yini, in ya yiwu ma ƙasa da kashi 5, wato wajen cokali shida ga babba. Ga 'yan ƙasa da shekara biyu, Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta ce a 2016 kada a ƙara musu ko kaɗan. Dalilan a fili suke. Sukari ƙarfi ne tsagwaronsa, babu sinadarin ƙarfe na jini, babu furotin, babu bitamin, kuma a ƙasar da tamowa da tsumburewa suka yi katutu, duk wurin da ya cinye a ƙaramin ciki wurin ƙwai ne ko wake ko gyaɗa. Yana ciyar da ƙwayoyin da ke ruɓar da haƙora, musamman ga yaron da ke kwana da fida mai zaƙi a baki. Sannan yana horar da harshe, yaron da ya saba da koko mai sukari ya ƙi faten kabewa.

Hujja mafi ƙarfi ta zo daga inda ba a zata ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin Birtaniya ta ƙayyade sukarin da kowa zai saya, ba ta saki ba sai watan Satumba na 1953. Ana sakin, abin da mutum ke sha a yini ya tashi daga kusan giram 41 zuwa wajen 80. Tadeja Gracner ta Jami'ar Kudancin Kalifoniya da abokan aikinta suka duba bayanan lafiyar mutane kusan 60,000 da aka haifa tsakanin 1951 da 1956, suka buga sakamakon a mujallar Science a 2024. Waɗanda zamansu a ciki da shekarunsu biyu na farko suka faɗo cikin lokacin ƙayyadewa, haɗarin kamuwarsu da ciwon sukari ya ragu da kusan kashi 35 cikin 100, na hawan jini da kusan kashi 20. Waɗanda suka kamu ma, ciwon sukarin ya yi jinkirin shekara huɗu, hawan jinin shekara biyu. Wajen kashi ɗaya cikin uku na wannan kariya tun daga ciki aka same ta, wato daga abin da mai juna biyu ke ci. Yanzu tsofaffi ne, amma jikinsu bai manta abin da aka ba su kafin su iya magana ba.

Abincin gwangwani ma bai tsira ba, duk da tsadarsa da martabar da yake da ita a idon iyaye. A watan Afrilu na 2024 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan tare da ƙungiyar IBFAN suka fitar da rahoton gwajin da suka sa aka yi wa kayan kamfanin Nestlé. Sun ce Cerelac da ake sayarwa a ƙasashe masu tasowa yana ɗauke da ƙarin sukari kusan giram 4 a kowane damu ɗaya, wani samfuri daga Najeriya ya kai giram 6.8, alhali irinsa na Jamus da Ingila ba a ƙara masa komai ba. Kamfanin ya amsa da cewa yana bin dokokin kowace ƙasa, kuma ya rage sukarin da kashi 11 cikin 100 a shekaru goma. Bin doka bai amsa tambayar ba: in jaririn Jamus zai ci ba sukari, na Gusau ma zai ci. Uwa ko uba mai karatu na iya duba bayan gwangwani. Ana jera kayan haɗi ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, kuma a Turanci da Faransanci sunayen dangin sukari galibi da haruffan "ose" suke ƙarewa. 

Wuri ɗaya ne farin sukari ke zama mai ceton ran jariri. A 1960 Robert Crane ya bayyana cewa hanji yana shigar da gulukos da gishiri tare ta ƙofa ɗaya, ruwa kuma ya bi su. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladesh, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya, ruwan ƙarin jijiya ya ƙare. Likita Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa haɗa gishiri da gulukos a durom, 'yan uwan marasa lafiya suna ba su da kofi. Mace-mace ta sauka daga kusan kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4. Asalin ruwan gishiri da sukari ke nan da ake koya wa mata a wurin awo. Na leda da ake samu a asibiti ya fi, in babu shi kuma a zuba ƙaramin cokali shida na sukari, a shafe, da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Ma'aunin shi ne maganin. Lemon kwalba da wasu ke ba mai zawo sukarinsa ya yi yawa, gishirinsa ya yi kaɗan, sai ya jawo ruwa daga jiki zuwa hanji, zawon ya ƙaru.

Kokon nan na safe kuwa yana da gyara, kuma gyaran na cikin ɗakin girkin Bahaushiya tun kaka da kakanni. Masu kunun zaƙi sun san tsiro: a jiƙa hatsi ya fito da ɗan ƙaho, a shanya, a daka. Ɗan garinsa kaɗan in aka barbaɗa a kunu mai kauri yana da ɗumi, cikin 'yan mintuna zai tsinke ya yi ruwa-ruwa da ɗan garɗi, ba tare da an ƙara ruwa ba, sai a ɗan sake tafasawa. Yaro ya sha abinci mai yawa a ƙaramin kofi. A haɗa da niƙaƙƙiyar gyaɗa ko waken suya, ɗigon manja, ƙwai ko garin busasshen kifi. In zaƙi ake nema, ga ayaba, ga dankalin Hausa, ga gwanda da kabewa a murmushe. Yaro zai tofar a karon farko da na biyu, wani sai an gwada masa sau takwas ko goma kafin ya karɓa, kuma wannan ba alamar ƙin abinci ba ce.

Maganar ba ta iyaye mata ba ce su kaɗai. Maigida ne ke dawowa daga kasuwa da alawa da lemon kwali a matsayin tsaraba, kawu ne ke ɗura wa ɗan wata takwas lemo a murfin kwalba ana dariyar yadda yake lashe baki, kaka ce ke ajiye da kwalbar zuma don sabon jika. Duk cikin ƙauna ake yi. Ga su duka roƙon yake: wata shida nono zalla, zuma sai bayan shekara, gwangwanin sukari kuma a bar shi a rufe har yaro ya cika shekara biyu.